Zazzaɓin Lassa: Tsakanin Fitsarin Ɓera da Hannun Mai Jinya

Tambaya ga Likita: An kwantar da maƙwabcinmu a asibiti, daga baya aka ce zazzaɓin Lassa ne. Kafin a kai shi, ni na riƙa taya matarsa jinya, har na wanke zanin gadon da ya yi amai a kai. Ga ɓeraye sun addabe mu a ɗakin ajiya. Hankalina a tashe yake. Me ya kamata in yi?
Daga wata uwa a jihar Bauchi

Amsa: Allah ya ba maƙwabcinku lafiya, ke kuma ya saka miki da alherin maƙwabtaka. Bari in fara da abin da bai kamata ya kwana ba. Tunda hannunki ya taɓa amansa, kina cikin waɗanda ya wajaba ma'aikatan lafiya su san da su. Ki je asibitin da aka kwantar da shi ko ofishin lafiya na ƙaramar hukumarku ki faɗa musu duk abin da kika yi, kada ki rage komai. In kin fi so ki kira 6232, lambar hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, kiran kyauta ne. Za a sa miki ido na kwana 21 daga ranar ƙarshe da kika taɓa shi ko kayansa, domin cutar kan ɗauki kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana. A tsawon kwanakin nan ki riƙa auna zafin jikinki safe da yamma. Ranar da kika ga ya kai 38, ko kika ji kasala da ciwon kai ko ciwon maƙogwaro, kada ki biya ta kemis, ki sanar da su nan take. Matar maƙwabcin naku da duk wanda ya yi jinyar su ma haka.

Ki kwantar da hankalinki kan abu ɗaya: wanda alamun cutar ba su bayyana a jikinsa ba, ba a san shi da yaɗa ta ba. Babu dalilin da zai sa ki guji 'ya'yanki yau, ko unguwa ta ƙaurace wa gidan mara lafiyar.

Sunan cutar daga garin Lassa na jihar Borno ya samo asali, inda aka fara gano ta a 1969. Ƙwayar cutar bairos ce, kuma gidanta jikin wani ƙaramin ɓera ne da ke zirga-zirga tsakanin gona da gida, wanda macensa ke da nonuwa da yawa, tana iya haifar 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya. Shi ɓeran ba ya ciwo. Yana yawo da ƙwayar tsawon rayuwarsa, yana zubar da ita a fitsari da kashi duk inda ya bi. Da daddare ya hau kan tuwon da aka bari a buɗe, ya shiga kwandon kwanuka, ya bi ta kan garin da aka shanya, da safe a tashi a ci ba wanda ya ga komai. Kashinsa ana iya gani, baƙi-baƙi kamar ƙwayar shinkafa a kan buhu ko bayan randa, amma fitsarin da zarar ya bushe shi ke nan. Cutar ta fi tsanani daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da aka kawo amfanin gona gida, gonaki suka zama fayau, ana kuma ƙona daji, abincin ɓera ya koma cikin ɗakunanmu. Jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba ne suka fi yawan masu kamuwa a shekarun nan, kuma a 2020 kaɗai an tabbatar da cutar a jikin fiye da mutum 1,000 a Najeriya, fiye da 200 suka rasu.

Kusan mutum takwas cikin goma da ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa jin komai, ko su yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Sauran biyun ne take kayarwa. Abin da ya fi ci mini rai game da cutar nan shi ne yadda take farawa daidai da zazzaɓin cizon sauro ko taifot: jiki ya yi zafi, kai ya sara, gaɓoɓi su mutu. Sai a sayo maganin maleriya a sha. Bai sauka ba, a canza wani. A kira mai allura ya zo gida ya ɗaura ruwa. A jiƙa sassaƙe. Kafin a ce a tafi babban asibiti an ci kwana goma, fuska ta kumbura, fitsari ya ragu saboda ƙoda ta fara gazawa. Jama'a da yawa suna jiran su ga jini ta hanci ko ta baki kafin su yi zargin Lassa, alhali jinin ba kowa yake zo wa ba, kuma in ya zo, ciwon ya riga ya yi nisa. Waɗanda cutar ke kashewa galibi cikin mako biyu da fara ciwon suke tafiya. Don haka ga ma'aunin da nake so kowane gida ya riƙe: zazzaɓin da aka sha masa ingantaccen maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, musamman da rani, ko ya zo da ciwon maƙogwaro, ciwon ƙirji, amai da gudawa, na asibiti ne, kuma a buɗe baki a tambayi likita ko akwai buƙatar gwajin Lassa. Akwai maganin da ake bayarwa, ribabirin, tare da ƙarin ruwa da kula da ƙoda, kuma duk sun fi amfani in an fara su a kwanakin farko. Kafin a isa asibiti, farasitamol kawai za a ba shi. A guji asfirin da su ibuprofen da diclofenac, domin suna iya ƙara zubar jini su kuma wahalar da ƙoda.

Mace mai juna biyu ba ta cikin masu jiran kwana uku. A watannin ƙarshe na ciki cutar na da matuƙar haɗari ga uwa, kuma a mafi yawan lokuta ɗan cikin ba ya tsira. Ita zazzaɓin ranar farko ma ya isa dalilin zuwa asibiti.

Hanya ta biyu da cutar ke bi ita ce wadda ta shafe ki: jini, amai, fitsari, kashi da yawun mara lafiya. Tana shiga ta ƙaramin yanka ko faso a hannu, ko mutum ya shafa ido ko baki da hannun da bai wanke ba. Shi ya sa take yawan kama waɗanda suka fi ƙaunar majinyaci da kuma ma'aikatan asibiti. Tun farkon tarihinta haka take. A 1970 a Jos, likita Jeanette Troup ta yanke yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta kamu ta rasu. Ba na cewa a daina jinya, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba abin da lafiya ke nema ba ne. A ware mutum ɗaya ya riƙa kula da mara lafiya maimakon kowa ya sa hannu. Ya sa safar hannu ta roba, in babu ya zura hannunsa cikin leda mai kauri marar huji. Kofi, cokali da fo na majinyaci su zama nasa shi kaɗai. In ya yi amai, a zuba wa wurin ruwan bilic da aka sirka, awo ɗaya na bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari da awo tara na ruwa, a bar shi kamar minti goma sha biyar kafin a kwashe. A haɗa sabo kullum domin ƙarfinsa na raguwa. Bayan kowace taɓawa, sabulu da ruwa mai zuba, ba tsoma hannu a kwano ɗaya ba.

Akwai maganar da ke da nauyi a baki amma dole a faɗe ta. Gawar wanda Lassa ta kashe tana ɗauke da ƙwayar sosai, kuma wanka da hannu tsirara na iya kama masu wankan. In haka ta faru, Allah ya kiyaye, a bar jami'an lafiya da aka horar su shirya mamacin da kayan kariya. 'Yan'uwa suna da haƙƙin su halarta, a yi masa salla, a binne shi cikin mutunci. Ina roƙon limamai da masu unguwa su riƙa tsayawa tare da iyali a irin wannan rana, domin maganarsu ce ake ji lokacin da zuciya ta yi zafi.

Sai ɗakin ajiyarki. Kada ki ɗauki tsintsiya ki hau sharar busasshen kashin ɓera, ƙurar da za ta tashi ita ma hanya ce. Ki buɗe ƙofa da taga, ki rufe hanci da baki, ki yayyafa ruwan bilic ya jiƙa wurin, sannan ki kwashe. Hatsi da gari su koma cikin duro ko bokiti mai murfin da ke kamawa, domin buhu ba ya hana ɓera komai. A toshe ramuka da siminti, a rufe randa, a kife kwanuka, a sake ɗauraye su kafin a zuba abinci. Ragowar tuwon dare a rufe shi, da safe a ɗumama shi ya yi zafi sosai, domin wuta na kashe ƙwayar. Haɗarin ya fi yawa a abin da ake ci ba tare da ya sake ganin wuta ba, irin su garin rogo da ake jiƙawa da ƙuli-ƙuli. Shanya a ƙasa ko a bakin titi a bar ta ta kwana, wannan a daina. Juji ya yi nesa da gida. Kyanwa na taimakawa, tarko ma haka. In za a sa guba, a sa inda yara da kaji ba za su kai ba. Mushen ɓera a ɗauke shi da leda a binne, kuma a hana yara farautar ɓeraye da gasa su, domin wajen kamawa da feɗewa ake taɓa jininsu. Gida ɗaya ba ya iya wannan aiki shi kaɗai, ɓeran da kika kora gidan maƙwabta zai faɗa, don haka ki tayar da maganar a tsakanin matan unguwa.

Har yanzu babu allurar rigakafin Lassa da aka amince a yi wa jama'a, ana kan gwaji. Idan Allah ya tashi kafaɗar maƙwabcinku aka sallamo shi, ku karɓe shi hannu bibbiyu, ku ci abinci tare. Abu biyu kawai iyalinsa za su kula da su. Ƙwayar kan daɗe a cikin maniyyi bayan an warke, saboda haka shi da matarsa su bi shawarar likita ta yin haƙuri ko amfani da kwaroron roba na aƙalla wata uku. Sannan kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga ciwon suna samun matsalar ji. Wasu jin yakan dawo cikin wata ɗaya zuwa uku, wasu kuma ba ya dawowa. In aka lura ana yi masa magana ba ya amsawa, ko yana juyo da kunne ɗaya, a mayar da shi asibiti a duba kunnen.