Ƙwaƙwalwa da Jarrabawar Lasisin Aikin Jinya: Yadda Ake Tsallakewa a Zama na Farko

A watan Mayu da watan Nuwamba na kowace shekara, ɗaliban aikin jinya na ƙasar nan sukan zauna jarrabawar da Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya take shiryawa. Ɗaliban ungozoma kuwa nasu zaman a Maris ne da Satumba. Wannan majalisa, wadda doka mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta kafa, ita ke da ikon yi wa mutum rajista ta kuma ba shi lasisi. Wanda bai sami maki 50 cikin ɗari ba, komai daɗewarsa a makaranta, ba shi da iznin tsayawa a kan majinyaci da sunan nas.

A garuruwa irin su Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, faɗuwa a wannan jarrabawa ba ta tsayawa a kan ɗalibi shi kaɗai. Sau da yawa hatsi aka sayar, ko wata dabba, aka tura yarinya makarantar jinya ta Kano ko Madobi, ko ta ungozoma da ke Dambatta. In ta faɗi, sai ta jira wata shida, a sake neman kuɗin rajista, asibitin da ke jiran hannunta kuma ya ci gaba da jira. An daɗe ana sallamar duk wanda ya faɗi sau uku, har zuwa 2025 da majalisar ta janye wannan ƙa'ida. Sauƙi ne babba, amma bai mayar wa kowa da watannin da suka wuce ba.

Ra'ayina shi ne, da yawa daga cikin masu faɗuwa ba malalata ba ne. Sun yi karatu, wasu ma har sun rame. Matsalar ita ce sun yi shi ta hanyar da ta saɓa wa yadda ƙwaƙwalwa take ajiye abu. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana da ƙa'idojin aikinta, kuma ɗalibin da ya karanci aikin gaɓoɓin jiki shi ya fi cancanta ya san su.

Mantuwa

A shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna abin da ya saura bayan wani lokaci. Bayan awa guda fiye da rabi ya gushe, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku. Daga nan sai mantuwar ta rage sauri. Ya kuma gano cewa bita da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya amfani.

Dalilin haka yana cikin ƙwayoyin jijiya. Sabon abu yakan fara shiga ta wani sashe da ke can cikin ƙwaƙwalwa daura da kunne, wanda ake kira hifokamfos. An gane muhimmancinsa ne bayan tiyatar da aka yi wa wani mai farfaɗiya a Amurka a 1953, inda aka cire masa yawancin sashen ta ɓangarori biyu. Mutumin ya ci gaba da tuna ƙuruciyarsa, amma wanda ya gaisa da shi da safe ba ya gane shi da rana. Abin da ya shiga hifokamfos rauni gare shi, sai an yi ta bi ta kansa mahaɗan jijiyoyin suke ƙarfi, kamar yadda burtali ke fitowa a daji saboda yawan bin shanu. In aka daina bi, ciyawa ta rufe shi.

Karatu da tilawa

To, wane irin bi ne ke ƙarfafa hanyar? Nan ne yawancin ɗalibai suke kuskure. Sukan buɗe littafi su karanta babi sau huɗu, su ja layi da jan biro, shafin ya zame musu sananne, sai su ɗauka sun iya. Gane fuska daban, kiran suna daban. Kowa ya taɓa haɗuwa da mutum a kasuwa ya tabbata ya san shi, amma sunan ya ƙi zuwa. A ɗakin jarrabawa sunan ake nema.

A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai wani rubutu. Kashi ɗaya suka yi ta maimaita karanta shi, ɗaya kashin suka karanta a zama ɗaya, sa'an nan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juya: masu maimaitawa suka tuna kashi 40 cikin ɗari, masu rubutawa da ka suka tuna kashi 61. Abin lura kuma, masu maimaitawar su ne suka fi amincewa da cewa za su tuna.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Alaramman tsangaya bai taɓa yarda almajiri ya wanke allo don kawai ya iya bin rubutun da ido ba. Sai ya kife allon ya kawo haddar da ka, gobe ya sake, bayan kwanaki kuma a koma baya a yi tilawa. Abin mamaki ne a ce ɗan da ya tashi cikin wannan tarbiyya, da ya shiga makarantar boko sai ya watsar da ita ya kama jan layi.

Saboda haka duk babin da aka karanta, a rufe littafi a ɗauki farar takarda, a zana zuciya da ɗakunanta huɗu da hanyar da jini ke bi, ko a jera matakan kula da mai jego da jini ya ɓalle mata. Sai an gama a buɗe a duba giɓi. A koma wa babin washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata. Tambayoyin shekarun baya su ma haka: a amsa tukuna kafin a leƙa amsa, a kuma faɗi dalilin da ya sa sauran zaɓin ba daidai ba ne. Wannan hanya tana da ɗaci, domin kullum tana nuna wa mutum abin da bai sani ba. Ai gara ya gani a ɗakinsa wata huɗu kafin ranar. Masu neman a sayar musu da tambayoyi ta waya kuwa, ba su da rabo a wannan darasi. Kuɗinsu ne ke tafiya, in kuma aka kama su rajistar ma tana iya tafiya.

Neman dalili

Gaɓoɓin Ebbinghaus sun yi saurin gushewa ne saboda ba su da ma'ana. Abin da aka ɗaure da dalili ya fi zama. Mu ɗauki yaron da aka kawo Babban Asibitin Gwarzo da gudawa ta kwana biyu. Ɗalibi yana iya haddace alamomin ƙarewar ruwan jiki a jere, ya manta biyu a ɗakin jarrabawa. Yana kuma iya bin zaren: ruwa ya fita, yawan jini ya ragu, zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓi, shi ya sa bugun jijiya yake da sauri amma ba ƙarfi. Jiki ya matse jijiyoyin fata don ya tura jini ga ƙwaƙwalwa da zuciya, shi ya sa hannu da ƙafa suka yi sanyi. Ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu. Awon ƙarfin jini shi ne ke faɗuwa daga baya, musamman a yara, don haka nas ɗin da ta tsaya jiransa ta makara. Me ya sa ake haɗa gishiri da sukari a ruwan da ake ba shi? Domin a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sodiyam sai tare da gulukos, ruwa kuma yana bin sodiyam. Wanda ya riƙe wannan zare, ko ta ina aka juya tambayar zai kama ta.

Ɗakin majinyata shi ne littafin da ya fi kowanne zama a rai. Ɗalibin da ya ga yaro daga ƙauyen da ke kusa da madatsar ruwan Guzu-Guzu yana fitsarin jini, ya koma da daddare ya karanta tsargiya da dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsarta, ba zai sake mantawa ba. Haka zazzaɓin cizon sauro da damina, da sanƙarau lokacin bazara, da ciwon sikila, da jijjigar masu ciki. Kowane majinyaci da aka kula da shi da rana, a ba shi rabin awa da dare.

Akwai kuma lissafi, wanda ake gudu alhali makinsa a fili yake. Likita ya rubuta a ƙara wa majinyaci ruwa mililita 1,000 cikin awa 8, igiyar kuma tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. A ninka 1,000 sau 20, an sami 20,000. Awa 8 minti 480 ke nan. A raba, za a sami ɗigo 42 a minti ɗaya bayan an cike ƙaramin giɓin. Yaro mai nauyin kilo 12 da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, ana ba shi allurar atesunet miligiram 3 a kowane kilo, tun da bai kai kilo 20 ba, wato miligiram 36. Wanda ya kai kilo 20 ko ya wuce, miligiram 2.4 ne a kowane kilo. Lissafi biyar irin wannan kowace rana, da biro da takarda, sun isa.

Barci

Al'adar kwana ana karatu da goro ko kofi a makon jarrabawa, ita ce mafi muni a cikin al'adun ɗalibanmu. Tun a 1924 Jenkins da Dallenbach suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi wanda ya shafe awoyin a farke tunawa. Yanzu an san cewa a cikin barci mai nauyi hifokamfos yakan maimaita abin da ya shiga da rana, yana miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa inda ajiya mai daɗewa take. Wanda ya hana kansa barci kamar manomi ne da ya yi girbi ya bar damman a gona. Bincike a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa bayan awa 17 a farke, hankali da saurin hannu sukan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Sinadarin kafiyin da ke cikin goro da kofi ba ya kawar da gajiya, toshe saƙonta kawai yake yi, kuma rabinsa yana nan a jini bayan kimanin awa biyar. Goron la'asar yana nan yana aiki da tsakar dare. Awa bakwai na barci, da karatu bayan sallar Asuba lokacin da gari ya yi tsit kuma ba a buƙatar wutar lantarki sosai, sun fi dare uku na gyangyaɗi a kan littafi.

Faɗuwar gaba

Ranar jarrabawa zuciya za ta buga, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Ɗalibin jinya ya san sunan wannan: ƙullin da ke saman ƙoda ne ya saki adirinalin, jiki yana shirin gudu ko faɗa, kamar yadda Walter Cannon ya bayyana tun 1915. Kaɗan daga cikinsa yana kaifafa hankali. In ya yi yawa, tare da damuwar me za a ce a gida, sai ya cinye ɗan filin da ƙwaƙwalwa ke riƙe tambaya a ciki tana juya ta, mutum ya ga abin da ya sani jiya ya ɓace. Bai ɓace ba, ƙofar ce ta cushe. Numfashi a hankali, ana tsawaita fitarwa fiye da shaƙa, yana motsa jijiyar da ke rage gudun zuciya. A 2011 kuma Ramirez da Beilock sun ba da rahoton cewa ɗalibai masu yawan fargaba da suka yi minti goma suna rubuta damuwarsu a takarda kafin jarrabawa sun fi takwarorinsu maki.

Maganin da ya fi waɗannan shi ne sabo. Rubutaccen ɓangaren jarrabawar a kan kwamfuta ake yin sa, da tambayoyi masu zaɓi da agogo yana tafiya. Ɗalibar da rabonta da kwamfuta tun jarrabawar shiga manyan makarantu, ta nemi wuri ta zauna gabanta sau da yawa kafin ranar, tana amsa tambayoyi da ƙayyadadden lokaci. Tambayar da ta tsaya mata ta wuce ta, ta dawo daga baya. Ta kula da kalmomi irin su “na farko” da “ban da”, domin sau da yawa zaɓi biyu daidai ne, abin da ake nema shi ne wanda nas za ta fara yi, kuma hanyar iska da numfashi da gudanar jini su ne kan gaba.

Ɓangaren aiki da hannu ana yin sa ne tasha tasha, bisa tsarin da Ronald Harden ya bayyana a Dandi ta ƙasar Sikotilan a 1975. Ɗalibi yana da 'yan mintoci a kowace tasha, mai jarrabawa kuma yana riƙe da takardar da aka jera matakai, yana ba kowane mataki makinsa. Ƙwarewar hannu ba a hifokamfos take zama ba. Mutumin nan na 1953 ya koyi sababbin ayyukan hannu alhali ba ya tuna ya taɓa gwada su. Karanta yadda ake wanke ciwo ba ya koya wa yatsu komai. Sai ɗalibai uku sun haɗu, ɗaya majinyaci, ɗaya nas, ɗaya riƙe da agogo da takardar matakai, su yi ta juyawa har hannu ya riga tunani. Makin da aka fi zubarwa a nan na ƙananan abubuwa ne da kowa ya sani: gaida majinyaci da gabatar da kai, bayyana masa abin da za a yi da neman yardarsa, jan labule, wanke hannu kafin a fara da bayan an gama, da rubuta abin da aka yi a takardarsa tare da lokaci da sa hannu.