Aji Ɗaya, Kowa da Allonsa

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a karkarar Ɗambatta. Wasu na karanta labari, wasu ko baƙi ba sa rarrabewa. In na bi na gaba, na baya su yi zuru. In na tsaya wa na baya, na gaba su kama surutu. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Leƙa makarantar allon unguwarku da sassafe. Wannan yana babbaƙu, wancan farfaru, wani ya kai izu goma. Ba mai wanke allo sai ya biya daidai, kuma gardi ke biya wa ƙolo. Dabarar da kake nema ke nan.

Fara gano abin da ya riƙe kowane yaro. Wanda ya ɓace da damina yana noma ko kiwo ba daƙiƙi ba ne, darasi ne ya wuce shi. Yarinyar da ke tallar ƙuli-ƙuli tana lissafa canji da ka, rubutawar ce ta gagare ta. Ɗan rugar da ya tashi da Fulatanci sai an bi shi a hankali. Wani kuwa allon aji ne ba ya hangowa, ka dawo da shi gaba.

Sai ka gwada su ɗaya bayan ɗaya: baƙi, kalma, jimla, gajeren labari. Inda yaro ya cije, nan ne rukuninsa, ko da ya fi kowa tsawo. Ware musu awa ɗaya kullum. Masu baƙi su yi rubutu a ƙasa da tsinke, masu labari su karanta wa juna. A lissafi, ɗaure karan dawa goma-goma, ka bar tsakuwa a matsayin ɗai-ɗai. Bayan 'yan makonni ka sake gwaji, wanda ya ƙware ya haye. Kada ka laƙaba wa kowane rukuni sunan da zai kunyata yaro.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta tsara wannan hanya, kuma wani shiri mai suna KaLMA ya kawo ta makarantun firamare na Dawakin Tofa da Wudil a 2019.

Na san fargabarka manhaja ce. Zauna da hedimasta ku tsara lokacin tare. Yaron da ya iya karatu zai cim ma manhaja. Wanda bai iya ba, ko ka ƙare ta gaba ɗaya, kwafa kawai ya yi.