Harshe da Tsangwama: Nazari a Kan Matsayin Mai Lalurar Ƙwaƙwalwa a Bakin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 mai tushe daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916. Tsohuwar dokar ta ɗauki majinyaci a matsayin haɗarin da ya wajaba a killace, sabuwar kuwa ta amince da haƙƙinsa, ta kuma hana a nuna masa bambanci. Wannan maƙala ta duba ɓangaren da doka ba ta iya kaiwa gare shi, wato harshen yau da kullum.

2.0 Sauya Suna

Mafi yawan yunƙurin wayar da kai a rediyo da asibitoci ya karkata ne ga sauya suna. An guji “mahaukaci”, aka koma “mai taɓin hankali”, daga baya “mai lalurar ƙwaƙwalwa”. Sauyin yana da fa'ida, domin kalmar “lalura” tana sanya ciwon a sahu ɗaya da hawan jini da ciwon suga. Sai dai sakaya suna ba ta daɗewa kafin tsohuwar ma'ana ta cim mata. “Taɓaɓɓe” ta riga ta zama zagi, kuma sunayen Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato, inda asibitocin masu wannan lalura suke, sun zama abin zolaya tsakanin abokai.

3.0 Tushen Tsangwamar

Tsangwamar ta fi kafuwa a kan imani biyu. Na farko shi ne maganar nan da ake yawan yi cewa hauka ba ya warkewa, sai dai rangwame. Wanda ya samu lafiya ya koma sana'arsa, duk ranar da ya yi fushi irin na kowa, sai a ce abin ne ya motsa. Na biyu shi ne ɗaukar kowace irin lalura a matsayin gado, abin da ke bayyana ƙarara a binciken aure, inda ciwon mutum ɗaya kan hana ’yan matan gida guda miji. Wannan ne ya sa iyalai da dama suka fi son a ce iska ce ko sammu, domin bayanin yana ɗora laifi a waje, ya wanke zuri'a. Abin takaici, ɓoyewar kan jinkirta zuwa asibiti, wani lokaci ta ƙare da mari a ƙafa, kamar yadda aka gani a 2019 a gidan da ’yan sanda suka bankaɗo a Rigasa, Kaduna.

Akwai darasi a tsarin da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara a Aro, Abeokuta, a 1954. Ya zaunar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowanne tare da ɗan'uwansa, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Mutanen ƙauye suka riƙa ganin warkewa da idanunsu. Irin wannan shaidar ce ta yi ƙaranci a finafinan Hausa, inda har yanzu aka fi nuna majinyaci da tsummokara a kan juji, ba kasafai ake nuna shi ya sha magani ya koma kasuwa ba.