Sarautar Zongo: Wa Ke Naɗawa, Wa Ke Tsawatarwa?

  Darasin ajinmu na bana a kan sarautar gargajiya ne, da yadda jama'a ke riƙe sarkinsu a kan hanya.

Mu fara daga gida. Kakanninmu baƙi suka zo Ankara, ƙasa kuwa ta Ankarawa ce. Malam Naino, Bahaushe daga Katsina, shi ya kafa Zongon Malam a tsakiyar gari. Ɗansa Malam Baƙo ya buɗe Sabon Zongo wajen 1912. Malam Amadu Futa ya sami filin Nima daga wani gida na mutanen Osu a farkon shekarun 1930. Da jama'a suka yawaita, kowace ƙabila ta naɗa nata shugaba: Hausawa, Fulani, Yarbawa, Wangarawa, Moshi, Zabarmawa da sauransu. Ga limami, ga magajiya a kan mata, ga sarkin samari. Haka muka tashi muka tarar a Alajo da Nima da Mamobi.

To, a lura, sarkin Zongo ba shi da soja, ba shi da kurkuku. Aikinsa sasanta rigimar aure da gado da ta mai gida da ɗan haya, saukar baƙo, tsayawa a kan janazar wanda ba shi da kowa, da yi mana magana gaban hukuma. Duk ƙarfinsa yardar jama'a ce. Ran da aka daina kai ƙara fada, rawani kawai ya rage masa. Saboda haka muka tambaya: a wasu wurare wa ke zaɓen sarki, wa ke ja masa kunne?

A Kano manyan hakimai huɗu ke zaɓe: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ƙarƙashin sarki akwai hakimai, sai dagatai, sai masu unguwa.

A Kumasi, wajen Tonawa, uwar sarauta ce, Asantehemaa, ke fitar da suna, manyan sarakuna su karɓa ko su ƙi. Haka aka naɗa Otumfuo Osei Tutu na Biyu a 1999. In sarki ya karya al'ada, ana iya sauke shi daga kujera.

Misali na uku daga nesa yake, amma ya fi ba mu mamaki. A arewa maso gabashin Amurka da Kanada akwai 'yan asalin ƙasar da ake kira Irokwa. Ƙabilu biyar ne, Mohok, Onaida, Onondaga, Kayuga da Seneka, waɗanda suka gaji da yaƙin juna suka ƙulla zaman lafiya. Wajen 1722 Tuskarora suka shiga, suka zama shida. Majalisarsu kujera 50 ce, tana zama a ƙasar Onondaga. Dangantaka ta wajen uwa suke bi, kuma tsohuwar da ke shugabantar dangi ita ke zaɓen namijin da zai hau kujerar danginta. In ya kauce, ta yi masa gargaɗi. In ya ƙi ji, ta tuɓe shi. Ba sa yanke magana da rinjayen hannu, sai an yi ta shawara har baki ya zo ɗaya.

Kun ga, wurare uku, al'adu uku, amma duk ba a bar sarki shi kaɗai ba. Addininmu ma ya riga ya koya mana, tunda sura ta 42 a Alƙur'ani sunanta Shura.

Me ya shafe mu? Duk ɗan Zongo ya san abin da ke faruwa in mutum biyu suka ɗaura rawani ɗaya. Dangi su daina gaisawa, a raba fada, magana ta kai kotu, samari su zama 'yan kore. Kafin a gama, kwata ta toshe, ruwa ya shiga ɗakunan mutane a Alajo da damina, ba mai murya ɗaya da zai je gaban hukuma. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya kare sarauta, ya kuma hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya. Kiyaye mutuncinta kuwa namu ne.

Roƙonmu ga iyayenmu uku ne. A rubuta ƙa'idar naɗi tun sarki yana da rai, kowa ya san masu zaɓe. A saurari magajiya da iyayenmu mata kafin a yanke magana, don su suka san halin kowa tun yana goye. A bar samari su zauna a fada su ji yadda ake sulhu, gobe kar aikin ya zo musu baƙo.

Allah Ya ja zamanin sarakunanmu, Ya ƙara wa Babban Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu lafiya, Ya zaunar da Gana lafiya.