Darasi: Hannatu da Gidan da Babu Ɗa

Karatu: 1 Sama'ila 1:1-20

Hannatu matar Elkana ta daɗe ba ta haihu ba, kishiyarta kuwa ta yi ta tsokanarta shekara da shekaru. Har wa yau akwai irin kukan nan a gidajenmu na GRA a Gombe, ko da ya ke katanga ta kan ɓoye shi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 1 cikin 6 ya kan gamu da rashin haihuwa a rayuwarsa.

Mu kan ɗora wa mace laifi, alhali sau da yawa matsalar daga wajen miji ta ke. Domin wannan, idan shekara ta cika babu ciki, sai su biyu su tafi asibiti tare, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. A kan auna maniyyin miji, a duba ko mace tana sakin ƙwai, ko kuwa hanyar ƙwan ta toshe. Waɗansu magani ya ishe su, waɗansu sai tiyata. Akwai kuma IVF, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, kāna a sa cikin mahaifa. An fara haihuwa ta haka a Ingila a 1978. Da tsada, ba kuwa kullum a ke dacewa ba.

Addu'a ba ta hana zuwa wurin likita. Mu lura kuma, Elkana bai rage ƙaunar matarsa ba tun ba ta da ɗa.

Tambayoyi:
1. Wa za mu kwaikwaya, Elkana ko kishiyar?
2. Ƙaƙa ikilisiyarmu za ta taimaki masu jira?