Illar Yanayi ga Na'urar 3D da Hanyoyin Magance Ta

Na'urar 3D wata na'ura ce da ke ƙera abu ta hanyar narka zaren roba, ta riƙa shimfiɗa shi sahu bisa sahu, kamar yadda magini ke ɗora katangar ƙasa. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ne ya nemi rajistar wannan fasaha a shekarar 1989. Bayan da wa'adin mallakarta ya ƙare a 2009 sai ta yi araha, har wani ɗan ƙasar Togo, Afate Gnikou, ya harhaɗa tasa da tarkacen kwamfuta a birnin Lome a 2013.

Zaren da aka fi amfani da shi shi ne PLA, wanda ake samarwa daga masara ko rake. Kaurinsa milimita 1.75 ne, ana kuma narka shi a zafin digiri 190 zuwa 220, ya fito ta ɗan bakin da faɗinsa bai wuce milimita 0.4 ba. Ke nan zafi shi ne ginshiƙin aikin. Saboda haka duk makarantar da ta mallaki irin wannan na'ura a Kurawa, ko Sabon Birni, ko Isa, wajibi ne ta lura da yanayi, domin kowane lokaci da aibun da yake haifarwa.

Da hunturu, gefen abin da ake ƙerawa yakan ɗaga daga farantin na'urar ya lanƙwashe. Dalili kuwa, roba tana tsukewa idan ta huce, iska mai sanyi kuma tana sa ta huce da gaggawa. Maganin wannan shi ne a rufe tagogi, a goge ƙura daga farantin, a ɗumama shi zuwa digiri 60. Sannan a daidaita tazarar baki da faranti, yadda takarda ɗaya za ta ratsa da ɗan kartuwa. Sahun farko shi ne harsashi. In ya ɓaci, sauran ba za su tsaya ba.

Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, zaren yakan yi laushi tun kafin ya isa wurin narkewa, sai ya toshe hanya. Alamar ita ce sahu ya riƙa fitowa da giɓi, ko na'urar ta ci gaba da motsi ba ta fitar da kome. A nan sai a duba ƙaramar fankar da ke sanyaya kan na'urar, a kuma mayar da aikin zuwa sanyin safiya.

Da damina kuwa, zaren yakan sha laima. Ruwan da ke cikinsa yana tafasa a bakin na'urar, sai a ji ƙara ƙas-ƙas, abin kuma ya fito da kaushi da zare-zare kamar yanar gizo. Akan busar da shi a zafin digiri 45 na kimanin awa biyar, a adana cikin mazubi mai murfi.

Abin lura ga ɗalibi shi ne kada ya canza abu biyu a lokaci guda. Ya canza ɗaya, ya gwada da ƙaramin abu, ya rubuta sakamako a littafi. Ta haka zai gane ainihin sanadi, ba tare da ya yi asarar zaren da aka sayo da tsada daga nesa ba.