KUJERAR YARO A MOTA: MAI ƊAMARA BIYAR KO BUSTA, WACCE TA DACE DA ƊANKA?



Iyaye maza da iyaye mata, darasinmu na yau na rigakafi ne, kuma kun san rigakafi ya fi magani. Za mu yi bayani kan yadda ake zaunar da ƙananan yara a mota, musamman yaron da ya wuce goyo amma bai kai ya ɗaura bel ɗin manya ba. A nan ne iyaye da yawa ke rikicewa: a bar shi a kujera mai ɗamara ne, ko a mayar da shi kan busta?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Don haka maganar ba ta ƙawa ba ce, a daure a karanta har ƙarshe.

*1. RUNGUME YARO BA YA TSARE SHI*

Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, sai ta daki wani abu ta tsaya cak, duk wanda ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai ya daki kujera ko gilas. Ƙarfin dukan daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kusan bene hawa uku. A wannan ƙiftawar idon, yaro mai kilo 10 zai iya fizgar hannun mahaifiyarsa da ƙarfin kilo 200 ko fiye, nauyin buhun siminti huɗu ke nan. Uwargida, komai son da kike masa, hannunki ba zai riƙe wannan ba. Kuma kada ki ɗaura bel ɗaya ke da shi, domin nauyinki ne zai matse shi a jikin bel ɗin.

*2. BEL ƊIN MOTA NA MANYA NE*

Bel ɗin da muke ɗaurawa yau, mai bi ta kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ne mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin a 1959, kuma da jikin babban mutum aka auna shi. A jikin babba, igiyar ƙasa tana kwanciya a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma a kan kafaɗa da ƙirji. Duk wurare ne masu ƙashi mai ƙarfi.

A jikin yaro kuwa, igiyar ƙasa tana hawa kan ciki, domin ƙashin ƙugunsa bai gama fitowa ba balle ya tare ta. Idan aka yi karo sai ta nutse cikin cikin, ta iya fasa hanji, ko saifa, ko hanta, ko ta karya ƙashin baya. Igiyar sama kuma tana shafar wuyansa, sai ya gaji ya tura ta bayansa ko ƙarƙashin hammata. Daga nan babu abin da ke riƙe ƙirjinsa da kansa.

*3. MATAKAI HUƊU NE*

Na ɗaya, kujera mai kallon baya, tun daga haihuwa. Kan jariri babba ne, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, sai bayan kujerar ya tallafe kai da wuya da baya gaba ɗaya. Sabuwar ƙa'idar Turai ta ce dole yaro ya kalli baya har aƙalla wata 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2018 take cewa a bar shi haka har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da kujerar ta yarda. A Suwidin kam har wajen shekara 4 suke kai su.

Na biyu, kujera mai kallon gaba mai ɗamara biyar.

Na uku, busta.

Na huɗu, bel ɗin mota kaɗai.

Ƙa'idar da za a riƙe: ba a gaggawar ƙarin mataki. Ba aji ba ne da za a ce yaro ya yi ƙoƙari an ciyar da shi gaba.

*4. BAMBANCIN MAI ƊAMARA DA BUSTA*

Kujera mai ɗamara biyar tana da igiyoyinta na kanta: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya a tsakanin cinyoyi, duk suna haɗuwa a maɗauri guda. Ita kujerar ana ɗaure ta a jikin mota, shi kuma yaron ana ɗaure shi a jikin kujerar. Ƙarfin karo yana rarrabuwa a wurare biyar, kuma ko yaron ya yi barci ko ya yi ƙiriniya, yana nan inda aka ajiye shi.

Busta kuwa ba ta riƙe yaro. Aikinta ta ɗaga shi sama, ta daidaita masa bel ɗin mota ya kwanta inda ya kamata. Bel ɗin ne ke riƙe shi, kuma bel ɗin yana saki idan an ja shi a hankali. Ke nan yaro zai iya sunkuyawa ya ɗauko takalmi, ya juya ya tsokani ƙanwarsa, ko ya kwanta gefe. Idan karo ya zo a wannan lokacin, bel ɗin ba ya wurinsa.

A taƙaice, mai ɗamara ita ke tsare yaro ko ya so ko bai so ba. Busta kuma sai da haɗin kan yaron.

Wannan ba ya nufin busta ba ta da amfani. Binciken da aka yi a asibitin yara na Filadelfiya a Amurka ya nuna cewa, ga yara masu shekara 4 zuwa 8, busta ta rage mummunan rauni da kashi 45 cikin 100 idan aka kwatanta da bel kaɗai. Matsalar ita ce ɗora yaro a kanta tun lokaci bai yi ba.

*5. YAUSHE AKE KOMAWA BUSTA?*

Sai an duba abubuwa uku.

Na farko, ya fi ƙarfin mai ɗamarar? Alamominsa: nauyinsa ko tsawonsa ya kai iyakar da aka rubuta a jikinta, ko kafaɗunsa sun wuce ramin igiya na can sama, ko saman kunnuwansa ya wuce saman kujerar. Kujerun Turai galibi ɗamararsu tana tsayawa a kilo 18 ko tsawon santimita 105. Na Amurka da yawa suna kaiwa kusan kilo 30. A karanta takardar da ke manne a gefen kujerar, ita ce alƙali.

Na biyu, jikinsa ya kai? Yawancin busta na Amurka daga kilo 18 suke farawa, na Turai a sabuwar ƙa'ida daga tsawon santimita 100. Ɗan ƙasa da shekara 4 ba a ɗora shi kan busta ko da ƙato ne, domin ƙiba daban, ƙwarin ƙashi daban.

Na uku, hankalinsa ya kai? Zai iya zama a miƙe tun daga gida har inda za a je, bai taɓa bel ba, bai zame ba, ko da barci ya ɗauke shi? Yawancin yara sai sun kai shekara 5 ko 6 suke iya wannan. Iyaye sun fi kowa sanin halin ɗansu. Idan mai rawar kai ne kuma har yanzu mai ɗamarar tana ɗaukarsa, a bar shi a ciki, ko da sa'anninsa sun koma busta.

Misali: yaro ɗan shekara 4 mai kilo 17, kujerarsa tana kaiwa kilo 30. Wannan babu dalilin taɓa shi. Wata kuma 'yar shekara 6 mai kilo 21, kujerarta ta tsaya a kilo 18. Wannan barinta a ciki shi ne haɗarin, domin ba a gwada igiyoyin da irin nauyinta ba. Busta ce hakkinta.

*6. YADDA AKE ƊAURE MAI ƊAMARA*

- A girka ta a kujerar baya, ko da bel ɗin mota ko da ƙarafan nan biyu da ke ɓoye a lungun kujera, waɗanda ake kira ISOFIX a motocin Turai, LATCH a na Amurka. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga ƙarshen 2002 suna da su, don haka mai Corolla ko Camry ko Sienna 'yar Kwatano ya zura hannu ya laluba.
- Bayan an girka, a kama ta daidai inda aka ɗaure a girgiza. Kada ta motsa fiye da inci ɗaya.
- Idan tana da igiya a bayanta ta sama, a maƙala ta a ƙugiyar da aka tanada a motar. Ita ke rage wurgawar kan yaro gaba.
- In yaro yana kallon gaba, igiyoyin su fito daidai kafaɗa ko sama kaɗan. In yana kallon baya, daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan.
- A ja ɗamarar ta kama jiki. A gwada tsunkular igiyar a kan kafaɗa da yatsu biyu. Idan ta tsunkulu, ba ta ɗauru ba.
- Idan akwai maƙalin ƙirji, a sa shi daidai hammata, ba kan ciki ba.
- Da hunturu a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure, sannan a lulluɓe shi daga sama. Kaurin rigar yana lotsawa a lokacin karo, ɗamarar ta zama sako-sako.

*7. YADDA AKE ZAMA A BUSTA*

- Dole bel mai kafaɗa da ƙugu. Tsofaffin motoci da yawa, bel ɗin tsakiyar baya na ƙugu ne kaɗai. Ba a sa busta a wurin.
- Igiyar ƙasa ta kwanta a saman cinyoyi, ta taɓa ƙugu, ba ciki ba.
- Igiyar sama ta bi tsakiyar kafaɗa, tsakanin wuya da gefen hannu.
- A fara da busta mai majingini. Tana da marikin bel, tana tallafe kai idan ya yi barci. Marar majingini ta babban yaro ce. A Ingila, tun 2017 sababbin irinta sai ga wanda ya wuce santimita 125 da kilo 22. Kuma sai kujerar motar tana da matashin kai da ya kai saman kunnuwansa.
- Filo ko darduma da aka naɗe ba busta ba ce. Tana zamewa, yaro ya sulale ta ƙarƙashin bel.
- Idan babu kowa a kanta, a ɗaure ta da bel, kada ta zama jifa.

*8. YAUSHE AKE BARIN BUSTA?*

A zaunar da yaron a kujerar motar babu busta, a duba: bayansa ya jingina sosai? Gwiwoyinsa sun lanƙwasa a bakin kujera ba tare da ya zamo gaba ba? Igiyar ƙasa tana kan cinya? Ta sama tana tsakiyar kafaɗa? Zai iya zama haka har ƙarshen tafiya? Idan ɗaya ta zama a'a, da saura. Galibi sai tsawo ya kai wajen santimita 145, tsakanin shekara 8 zuwa 12. A Ingila doka ce har shekara 12 ko santimita 135.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 13 wurinsa baya ne. Balan-balan ɗin nan da ke fitowa a gaban mota lokacin karo don babba aka yi shi, ƙarfinsa zai iya kashe yaro. Kujera mai kallon baya kam, har abada ba a sa ta a gabansa matuƙar yana aiki.

*9. IN ZA A SAYI TA GWANJO*

Yawancin kujerun da ke kasuwanninmu na hannu ne, to a kula. A duba ranar da aka ƙera ta, domin galibi wa'adinsu shekara 6 zuwa 10 ne, kuma zafin rana yana cin roba. A nemi shaidar gwaji: ta Turai takarda ce mai ruwan lemo da aka rubuta R44/04 ko R129, ta Amurka kuma akwai rubutu a gefenta cewa ta cika ƙa'idar motoci ta ƙasarsu. A duba tsagewa, da igiyar da ta zare, da maɗaurin da ba ya cewa ƙas. Kujerar da aka yi mummunan haɗari da ita ta gama aiki ko da ido bai ga komai ba. Shi ya sa wadda ka karɓa a hannun ɗan'uwan da ka san tarihinta ta fi ta tulin kasuwa.

*10. IN YARAN DA YAWA, KUƊIN KAƊAN*

A fara da ƙarami, shi ya fi rauni. Busta ta fi araha, sai a sama wa na tsakiya. Akwai kuma kujerar da ake cire mata ɗamara ta koma busta, saye ɗaya amfani biyu. Kowane yaro da bel ɗinsa, ba a haɗa biyu a ɗaya, ba a zuba yara a but. Idan yaran sun fi bel ɗin motar yawa, sawu biyu ya fi zaman makoki ɗaya. Kuma har tafiyar makaranta da ta unguwa a ɗaure su, ba sai tafiyar sallah ba.

Da bazara a taɓa ƙarfen maɗaurin kafin a sa yaro, yana ƙona fata. Kada a bar yaro shi kaɗai a motar da aka rufe ko na minti biyar ne. A Najeriya, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗura ita ce 122, a ajiye ta a waya.

Maigida, kai ma ka ɗaura naka. Yaron da ke ganin babansa yana tuƙi babu bel, da wuya ya yarda da nasa.

Yara amana ne a hannunmu. A yi addu'ar hawa abin hawa, a ɗaure su yadda ya kamata, sannan a tayar da mota. Allah Ya tsare mu da zuri'armu daga sharrin ƙarfe, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Amin.

A tura wa 'yan'uwa masu ƙananan yara.